Ƙwaryar da ta yi wa Barmani kaɗan

Kafin fiyano da lasifika su karɓe bukukuwa a Kankiya da Kusada, kiɗan mata shi ne kiɗan ƙwarya. Ranar suna ko ranar wuni, da an yi la'asar sai a kife ƙorai a tsakar gida, a zuba ruwa a masaki a kife wata a kai don ta ba da amo mai zurfi. Zabiya ta ba da waƙa, 'yan amshi su karɓa, maza kuwa iyakarsu zaure. Amada ta faro ne da begen Annabi da waliyyai, musamman Shehu Abdulƙadir Jilani, a bakin matan kulle. Sannu a hankali ta gangaro cikin zancen duniya: miji, kishiya, uwar miji, haihuwa, adashi. Uwaliya Mai Amada ta Kano ta fito da ita fili, sannan Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa ta kai ta inda ba a taɓa kai ta ba.

Ni a kaset na san muryarta, a ɗakin gwaggona, wadda take murza shi tana ƙulla ƙuli-ƙulin sayarwa. Murya ce mai kauri, ba ta rawa, kuma ko ƙorai sun yi zafi kalmarta ɗaya ba ta ɓacewa. Ga saurin hankali. Takan ɗauko magana daga bakin taro nan take, ta sa mata kari, ta mayar wa mai ita, mata su kwashe da shewa. Da ta yi wa matan da ba su da sana'a faɗa, gwaggona takan ɗaga kai kamar da ita ake hira. Wanda ya iya sa matar aure ta ji kunyar zaman banza cikin raha, ba tare da ta ji an ci mata fuska ba, ya iya waƙa ƙwarai.

Abin da yake damuna shi ne iyakar da sana'ar ta shata mata. A garin Funtuwa ɗin nan Alhaji Mamman Shata ya zauna, shi da aka haifa a Musawa, nan maƙwabtanmu. Da kalangu ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba, ya yi wa sojan da ya tafi yaƙin basasa, ya yi wa manomi, har kumbon Apollo da ya je wata a 1969 bai bari ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ba na rage masa komai. Shata Shata ne. Amma shi kowace ƙofa a buɗe take gare shi: tasha, fada, kulob, filin siyasa, gidan rediyon Kaduna. Duk inda ya shiga sai ya fito da sabon zance. Ɗanmaraya Jos ma da ɗan kuntiginsa ya zagaya duniya, ya yi wa karen mota waƙar da har gobe ake ji.

Barmani fa? Fada tana da makaɗanta na taushi da kotso, gadon maza ne daga uba zuwa ɗa. Kiɗan noma, na dambe, na farauta, duk na maza. Abin da aka bar wa mace shi ne biki, kuma a biki mai liƙi ce take zaɓar waƙa. Uwar amarya ba ta gayyato zabiya don ta ji labarin fari ba. So take a wasa ta, a zungure kishiyarta, 'yan uwanta su taka rawa. Ko da shahara ta fitar da Barmani manyan taruka, tsofaffin waƙoƙin nan ake roƙonta ta maimaita. Ita kuma tana da 'yan amshi da makaɗa da iyali da za ta ciyar.

Kada a ce na raina amada. Amada ce ta ba matan da ba a jin muryarsu a zaure wurin faɗin abin da ke cinsu, kuma Barmani ta faɗe shi ba tsoro, har wasu malamai suna ganin ta wuce gona da iri. Amma ku duba abin da ta gani da idonta. Ta ga farin 1973, lokacin da hatsi ya gagari magidanta, kuma mata ne suka san yadda aka raba ɗan tuwon dare a tsakanin yara. Ta rayu a cibiyar auduga, inda mata suke tsinta, suke gurza, suke kaɗi, ba a ambatarsu. Ta ga ranar da aka cire Jihar Katsina daga Kaduna a 1987. Maza sun yi waƙoƙin zamaninsu daga inda suke tsaye, a kasuwa da fada. Daga cikin gida kuwa, macen da ta fi kowa iya ba da wannan labari ba a taɓa zaunar da ita aka biya ta don ta ba da shi ba.

Sa'ad da waƙoƙin fim suka mamaye kasuwar kaset a Kano, situdiyo suka cika da 'yan mata masu siririyar murya ana ɗora su a kan fiyano, ita tana nan tana bin bukukuwa da ƙoranta. Allah ya yi mata rasuwa a watan Maris na 2013. Allah ya jiƙanta. Da yawa daga cikin abin da ya rage mana na muryarta ɗaukar wurin biki ne, da shewar mata da kiran sunayen masu liƙi a ciki.