Dunƙulen ƙamshi: yadda ake ƙamsasa ɗaki ba wuta ba hayaƙi

A Damagaram, ɗakin mace ba ya cika ɗaki sai da ƙamshi. Mun saba da kaskon turaren wuta da kwalbar humra, amma akwai lokacin da hayaƙi ba ya yiwuwa: ɗakin da jinjiri yake kwance, ko mai ciwon asma, ko cikin adakar tufafi inda garwashi ba ya shiga. A nan ne dunƙulen ƙamshi yake da amfani. Ɗan curi ne da ake haɗawa da kanumfari da furanni da saiwoyi masu ƙamshi, a shanya shi, a rataye ko a ajiye cikin kaya. Yakan yi watanni yana ba da ƙamshi a hankali.

Daga ina ya samo asali?

Faransawa suna ce masa pomme d'ambre, wato tuffar ambar. A zamanin annobar da ta ci Turai daga 1347 zuwa 1351 da waɗanda suka biyo baya, masu hali sukan rataya shi a wuya ko a ɗamara, don sun ɗauka mugun wari ne ke kawo cuta. Bai kare su ba, amma al'adar ta zauna, har aka koma soka kanumfari a jikin lemu.

Mu ma kayan haɗin ba baƙi ba ne a wurinmu. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunisiya, daga baya Zanzibar da Pemba suka yi suna da nomansa. Ayarin raƙuma ne ke kawo shi ƙasar Hausa daga Tarabulus. Bature Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya lissafa kanumfari da jawi da man wardi cikin hajojin da ake shigowa da su kasuwar Kano. A zamanin Sarki Tanimun, Damagaram babban zango ce a kan wannan hanya, fatake suna sauke kaya a unguwar Zango, bayan ganuwar Birni. Yau kuwa ba sai an jira ayari ba, duka ana samun su a kasuwar Dole, musamman ranar Alhamis.

Hanya ta farko: lemu da kanumfari

A zaɓi lemun tsami ko lemun zaƙi ƙarami, mai tauri, wanda ba shi da tabo. A wanke, a goge ya bushe. Sai a ɗauki tsinke ko basilla a huda ɓawon, a soka kanumfari ɗaya a kowace huda. A bar ɗan tsakani kamar faɗin ƙwayar dawa, don lemun zai tsuke idan ya bushe. In ana son ɗaura zare ko ƙyalle, a bar masa layi tun farko. A gama sukar a rana ɗaya, kada a kwana da rabi, don gefen da babu kanumfari shi ke fara ruɓa. Bayan nan a birgima shi cikin garin kirfa ko na kajiji, a ɗora bisa faifai a inuwa inda iska ke ratsawa, ana juya shi kullum. Cikin mako biyu zuwa uku zai yi tauri, ya yi sakayau a hannu.

Hanya ta biyu: curin furanni

Wannan ya fi daɗewa, kuma shi ya fi dacewa da tsaraba. A jiƙa ƙaro na itacen dakwara cikin ruwa kaɗan ya kwana ya narke. A daka kajiji cokali huɗu, kanumfari cokali biyu, jema cokali ɗaya, da busassun furanni cikin tafi ɗaya, a tankaɗe da rariya. Furen lalle ya fi kowane ƙamshi, sai furen bagaruwa da na dogon yaro. A riƙa zuba ruwan ƙaron kaɗan kaɗan ana murzawa har ya yi kamar ƙullin fura. A cura kamar girman goro, a huda tsakiya da tsinke tun yana ɗanye. A shafa masa ƙaro a waje, a manna furanni don ado. A shanya a inuwa kamar mako ɗaya, sannan a zura zare. Mai son launi ja zai iya manna busasshen zoɓo, amma kada a sa irin wannan cikin fararen kaya, yana rina su.

Sirrin yana ga shanya

Kun ga, rana tana kore ƙamshi, laima kuma tana kawo fumfuna. Shi ya sa hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi kowane lokaci. Ƴan'uwanmu da ke zaune Kwatano ko Abijan ko Faransa, inda iska ke da laima, su fi ƙarfafa curin furanni, su kuma yi shi ƙanana. Duk wanda ya yi fari fari ko ya yi laushi, a yar da shi. In ƙamshi ya ja baya, ɗigon humra biyu ya isa ya tashe shi.

Abin kiyayewa

A rataye shi inda hannun yara ba ya kai, don ƙaramin curi yana iya maƙale wa yaro a wuya. Sannan wata magana da muke yawan ji, wai lemu da kanumfari na korar sauro. Warin kanumfari yakan dame shi kusa kusa, amma bai isa ya tsare mutum daga zazzaɓin cizon sauro ba. Daga damina har bayan kaka, kowa ya kwana cikin sange mai magani, musamman yara da mata masu juna biyu. Dunƙule na ƙamshi ne, sange kuma na lafiya.

Ga matan da ke haɗa turaren amare kuwa, wannan ƙarin sana'a ce mai ƙaramin jari. Ku gwada da lemu ɗaya a wannan hunturu, ku ji yadda adaka za ta yi in an buɗe ta ranar salla.