Daga DIC Bees zuwa Ranchers Bees: Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Ma'aikatar Makamai ta Kaduna

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ranchers Bees ta samo asali ne daga ma'aikatar ƙera makamai ta gwamnatin tarayya, wato DIC, wadda aka kafa a 1964 aka kuma gina masana'antarta a Kakuri, cikin Kaduna. A yau ana kiran ma'aikatar DICON. Aikinta ƙera bindigogi da harsasai ne domin sojojin Najeriya, amma kamar sauran manyan ma'aikatu na wancan zamani ta tanadi ƙungiyar wasa, wadda aka sa wa suna DIC Bees. Ba a kanta farau ba, domin ita ma Arsenal ta Ingila ma'aikatan masana'antar makamai ne suka kafa ta a 1886.

A lokacin ba a san ƙwallon sana'a a Najeriya ba, don sai a 1990 aka fara gasar ƙwararru. Ɗan wasa ma'aikaci ne kamar kowa, sunansa na cikin takardar albashi, ana ba shi ɗan aiki a ofis ko sito, da yamma kuma ya ɗauki takalmansa ya nufi filin atisaye. Idan ma'aikata ta ga yaro mai ƙafa a unguwa, sai ta ɗauke shi aiki, kowa kuwa ya san ba don iya rubutu aka ɗauke shi ba. Ranar wasa abokan aikinsa ne ke cika gefen fili, suna kiran sa da sunan da suke kiransa a wurin aiki. Da wannan tsari aka riƙe ƙungiyar Reluwe da ta NEPA a Legas, da Raccah Rovers da WRECA a Kano. A Kakurin kanta akwai ƙungiyar masaƙar UNTL, inda Rashidi Yekini ya fara tashe.

DIC Bees ta yi suna a ƙasa baki ɗaya a 1983, sa'ad da ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale. Ta riƙe Enugu Rangers babu ci, sai a bugun fenariti aka doke ta. Ga ƙungiyar ma'aikata, tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Rangers ta wancan lokaci ba ƙaramin abu ba ne.

A tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi, ma'aikatu da dama suka fara sakin ƙungiyoyinsu. DIC Bees ita ma ta koma hannun attajiri Alhaji Muktar Mohammed Aruwa, wanda daga baya ya wakilci Kaduna ta Tsakiya a majalisar dattawa daga 1999 zuwa 2007. Aka sauya mata suna zuwa Ranchers Bees. Daga nan ta tashi daga ƙungiyar ma'aikata ta zama ta mutum ɗaya, kuma a nan ne ta yi zamaninta mafi armashi. A 1987 ta sake kaiwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, Abiola Babes ta ɗauke kofin. Da aka rushe Abiola Babes, sai Ranchers Bees ta wakilci Najeriya a gasar Afirka ta masu riƙe da kofi ta 1988. Ta yi ta tsallake zagaye har wasan ƙarshe, inda ƙungiyar Bizerte ta Tunisiya ta doke ta da ci ɗaya tak a wasanni biyu. Shekara ta zagayo, a 1989 ta lashe kofin WAFU na Afirka ta Yamma bayan ta doke ASEC ta Abijan.

Cikin 'yan wasan wannan zango, wanda ya fi nisa shi ne Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna. Yana ɗan shekara 17 kocin Najeriya Clemens Westerhof ya tafi da shi gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya, a shekarar kuma ya koma Club Brugge ta Beljiyam. Ya ci ƙwallo biyu a gasar duniya ta 1994, ya ɗauki kofin FA da Everton a 1995.

Sai dai ƙungiyar da ta dogara da aljihun mutum ɗaya ba ta da tabbacin da albashin ma'aikata ke bayarwa. Bayan 1990 ƙarfinta ya ragu, ta yi ta hawa da sauka tsakanin rukunoni, yayin da ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi irin su Kano Pillars suka mamaye fage. Ba ta da gidan da za ta koma ma, domin tsarin da ya haife ta ya riga ya mutu, masaƙun Kakuri ma sun rufe. A 'yan shekarun nan ɗan wasan Super Eagles Sadiq Umar, shi ma ɗan Kaduna, ya shiga cikin masu mallakar ƙungiyar. Filin wasa na cikin garin Kaduna har yanzu da sunan Ranchers Bees ake kiran sa.