Kifayen siklid: yadda ake gane su da yadda ake hana su faɗa cikin akwatin gilashi

Siklid suna ne na wani babban dangin kifaye da masana ke kira Cichlidae. An tantance sama da iri 1,600, akasarinsu a koguna da tabkunan Afirka, Amurka ta Kudu da Amurka ta Tsakiya. Dangin ba baƙo ba ne a Nijar: karfasar da masunta ke kamawa a kogin Isa, da tabkin Madarunfa, da tabkin Chadi, siklid ce. Ƴan uwanta masu launin shuɗi, rawaya da ja su ne ake ajewa don ado cikin akwatin gilashi. Sun shahara da kyau da wayo, sun kuma shahara da faɗa. Wanda ya haɗa irin da bai dace ba yakan wayi gari ya tarar da kifin da ya saya da tsada ya mutu, jelarsa a yayyage. Galibin wannan asara na faruwa ne tun ranar saye, saboda an zaɓi kifi don launinsa ba tare da an san irinsa ba.

Alamomin dangin

Abubuwa uku ake dubawa. Siklid na da ƙofar hanci guda a kowane gefen fuska, alhali mafi yawan kifaye na da biyu-biyu. Layin da ke bin gefen jikinsa yakan katse, sannan ya ci gaba daga ƙasa kaɗan zuwa jela. Fiffiken bayansa guda ne dogo, gabansa ƙaya mai tsini, bayansa mai laushi. Duk wanda ya taɓa gyaran karfasa ya san wannan ƙaya. Akwai kuma muƙamuƙi na biyu cikin maƙogwaro da suke niƙa abinci da shi.

Manyan rukunoni

Na tabkin Malawi su suka fi yawa a hannun masu sayarwa. Tabkin na da ɗaruruwan iri da ba a samu a ko'ina sai can. Rukunin da ake kira mbuna na zaune tsakanin duwatsu, yana kankarar gansakuka, jikinsu dogo ne, tsawonsu santimita 10 zuwa 15. Cikinsu Labidochromis caeruleus, rawaya mai baƙin layi a fiffiken baya, yana da sauƙin hali. Melanochromis auratus kuwa mafaɗaci ne ƙwarai: tamata da ƙanana rawaya ne da baƙaƙen layuka a kwance, namiji in ya balaga sai jikinsa ya yi duhu. Rukunin Aulonocara, da ake yi wa laƙabi da dawisu, mazansu ne ke da launi mai ƙyalli, matan toka-toka ne. Sun fi mbuna sanyi, shi ya sa in an haɗa su mbuna ke hana su sakewa.

Na tabkin Tanganyika sun kai kusan iri 250. Akwai Neolamprologus multifasciatus, wanda bai wuce santimita 5 ba, yana zama yana haihuwa cikin katantanwa. Akwai Cyphotilapia frontosa mai tozo a goshi, wanda ke kai santimita 30, kuma yana cin ƙananan kifaye.

Na kogunan Afirka ta Yamma su ne maƙwabtanmu. Pelvicachromis pulcher, da aka fi sani da kribensis, asalinsa kudancin Najeriya ne da gaɓar Kamaru. Tamatar na da jan ciki, kuma yana zama lafiya da wasu kifaye in ba lokacin haihuwa ba. Jinsin Hemichromis, da ake samu har a kogin Isa, wasunsu ja ne da ɗigo-ɗigon shuɗi, kuma suna cikin mafiya zafin rai idan suna tsaron ƙwai.

Na nahiyar Amurka sun haɗa da oska, Astronotus ocellatus, mai tabo kamar ido a gindin jela. Ana sayar da shi yana ɗan ƙarami, amma yakan wuce santimita 30, kuma duk kifin da ya shiga bakinsa abinci ne. Pterophyllum scalare, mai faɗin jiki da dogayen fiffike, da diskus mai siffar faifai, daga yankin kogin Amazon suke, kuma ba su iya kare kansu daga mbuna. Amatitlania nigrofasciata na Amurka ta Tsakiya, mai baƙaƙen layuka a tsaye, ƙarami ne, amma miji da mata kan iya kore kowa zuwa kusurwa guda.

Bambancin bai tsaya ga hali ba. Ruwan Malawi da Tanganyika na da gishirin ma'adinai da yawa, ma'auninsa na pH yana wajen 8 ko sama. Diskus kuwa na son ruwa mai laushi, ƙasa da 7. Abinci ma daban ne: mbuna masu cin tsiro ne, yawan ba su abinci mai nama da kitse na jawo musu kumburin ciki da kan kashe su. Saboda haka ƙa'idar farko ita ce akwati guda, yanki guda.

Dalilin faɗan

Siklid na faɗa ne kan wuri. Namiji yakan kama dutse ko rami ya mai da shi gidansa, inda yake ci kuma yake jawo tamata. A tabki, wanda aka kora sai ya yi nisa, magana ta ƙare. A akwati ba wurin gudu, don haka korar ba ta ƙarewa. Namiji ya fi tsanar wanda ya yi kama da shi a launi da siffa, domin shi yake gani a matsayin abokin hamayya.

Haihuwa na ƙara zafin lamarin. Masu zuba ƙwai kan dutse ko cikin kogo, irin su Hemichromis da kribensis, uwa da uba ne ke tsaro tare. Na Malawi kuwa, kamar karfasa, uwar ce ke riƙe ƙwai cikin bakinta, kusan mako uku ba ta cin abinci. Wanda ya ga tamata ta daina ci, ƙasan bakinta ya kumbura, kada ya ɗauka rashin lafiya ce. Abin da take buƙata shi ne maɓoya.

Ba kowace kora ce haɗari ba. Gajeriyar kora, buɗe fiffike, da namiji yana karkarwa gaban tamata, al'ada ce. Alamun haɗari su ne kifi ya laɓe a kusurwar sama ko bayan matatar ruwa, launinsa ya dushe, fiffike ya yage, ɓawon jiki ya zube, ko ya kasa fitowa lokacin abinci. Irin wannan kifi na iya mutuwa cikin kwanaki kaɗan.

Matakan rage faɗa

Girman akwati ne farko, kuma tsawo ya fi zurfi amfani tunda fili suke rabawa. Ana ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a raba da 1,000, a samu yawan lita. Akwati mai 120 da 40 da 50 na ɗaukar lita 240, kuma kusan daga nan ake farawa da mbuna. Oska guda na buƙatar kusan lita 300.

A jera duwatsu yadda za su yi koguna fiye da adadin kifayen, su kuma tare gani daga wannan gefe zuwa wancan. A kafa su kan gindin akwatin kafin a zuba yashi, domin siklid na tona, dutsen da ya gangaro kuma na iya fasa gilashi.

Ga na Malawi, a aje namiji guda da mata uku ko huɗu, don kada matsinsa ya faɗa kan guda. A guji haɗa iri biyu masu launi ɗaya. Kifi biyu ko uku kaɗai sun fi muni, tunda mai ƙarfi zai sa guda gaba. Shi ya sa masu kiwon mbuna kan aje da ɗan yawa don faɗan ya rarrabu. Wannan dabara ba ta aiki sai da matata mai ƙarfi da canza kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, kuma ba ta dace da masu zaman miji da mata ba.

Idan za a saka sababbi, a saka da dama lokaci guda, masu girma kusan ɗaya da na ciki. A sauya wa duwatsu wuri don kowa ya rasa tsohon gidansa, a ciyar da su, a kashe fitila. Kurungu, mai ƙaya da taurin rai, yakan zauna lafiya da siklid na Afirka. Ƙananan kifaye masu doguwar jela kuwa ba su da wuri a nan.

Idan faɗa ya yi tsanani, a raba akwatin da raga ko a cire mai rauni zuwa wani ƙaramin akwati mai ruwa mai tsabta har ya warke. Ana iya ware mafaɗacin na mako ɗaya ko biyu, a sauya tsarin duwatsu, a mayar da shi. In ya koma halinsa, a nema masa wani gida.

Zafin Sahel da ruwan famfo

Mafi yawan siklid sun fi son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 28. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram, ruwan akwati na ɗumama, iskar shaƙa da ke cikinsa ta ragu, kifaye su ƙara kuzari da rikici. A nisanta akwatin daga taga, a juya fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan, a tanadi injin hura iska mai batir saboda yankewar wuta. Ruwan famfo na ɗauke da sinadarin kulorin da ke cutar da kifi, sai a sa maganin cire shi ko a bar ruwan a buɗe kwana ɗaya zuwa biyu. Sabon akwati kuma na buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin matatarsa ta iya ɗaukar kifi da yawa.

Kifin da ya gagara zama, a bayar da shi ko a mayar wa mai sayarwa, kada a sake shi a kogi ko tabki. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa cikin tabkin Biktoriya, kuma zuwa shekarun 1980 iri kusan 200 na siklid ɗin tabkin sun ɓace ko sun kusa ƙarewa. Baƙon kifi guda na iya ɓata ruwan da masunta ke ci da iyalansu daga gare shi.