Daga Adaka Zuwa Kalashnikov: Bindiga da Kubenta a Tarihin Gabashin Kano

Maƙalarmu ta wannan mako a kan bindiga take, kuma dalilin kawo ta shi ne yadda labaran tarihi da na yaƙi suka yawaita a zauren nan. Abin farin ciki ne. Sai dai akwai wani tuntuɓe da ake yawan yi: marubuci zai gina labarinsa a zamanin Sarki Alu, ya ajiye jaruminsa a Balan ko a wani ƙauyen Ajingi, sannan ya ɗora masa bindigar da ke aman harsashi ba ƙaƙƙautawa, har da ƙaramar bindiga a ƙugu. Mai karatun da ya san tarihi, daga nan ya daina yarda da kai, kome daɗin sauran labarin.

Mu fara da kalmar kanta. Bindiga daga Larabci ta zo mana, haka harsashi, wanda asalinsa sunan darma ne, haka albarushi. Wannan kaɗai ya nuna ta inda kayan suka fara shigowa: arewa da gabas, ta hannun fataken Sahara da mutanen Borno. Mai Idris Aloma na Borno, a ƙarshen ƙarni na 16, yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar. A Kano kuwa, tsohon kundin tarihin sarakuna ya ce wani ɗan sarautar Borno, Dagaci, ya zo da bindigogi a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438. Masana da yawa suna ɗaukar wannan da taka-tsantsan, don lokacin ya yi wuri ƙwarai. Abin da ya fi ƙarfi shi ne na ƙarni na 18: zamanin Kumbari aka riƙa kawo bindigogi daga Nufe, sannan Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki.

Wace irin bindiga ce wannan? Ita ce wadda muke kira adaka, wasu su ce bindigar toka. Ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a tura tsumma, a sa harsashi ko guntayen ƙarfe, a daka da sanda. Idan aka ja kunama, ƙanƙara ta ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya kama albarushi. Harbi ɗaya ke nan, sai a koma farko. Turawa suna kiranta bindigar mutanen Denmak, saboda 'yan kasuwar ƙasar da suka yi cinikinta a gaɓar tekun Ankara ta Gana, ko da yake mafi yawanta a Birmingham ta Ingila da Liege ta Beljiyam ake ƙerawa. Kaya ne na araha da aka yi don kasuwar Afirka. Takan ƙi tashi, takan fashe a hannun mai ita, in damina ta sauka albarushi ya jiƙe kuwa, sanda ta fi ta amfani.

A nan ne nake so mu ɗan tsaya, don wannan shi ne abin da labaranmu suka fi kuskurewa. A mafi yawan ƙarni na 19, bindiga ba ita ce uwar yaƙi a ƙasar Hausa ba. Doki ne, da baka. Gwanin baka zai saki kibiya da yawa kafin mai adaka ya gama ɗuri ɗaya, kuma kibiyar da dafi, ko ƙwarzane ta yi ta gama aiki. Baturen nan Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1826 tana yaƙar Gobirawa, mutane dubbai, amma bindigogin da ya ƙirga 42 ne kacal. Amfanin adaka na farko ƙara ce da hayaƙi: ta firgita dokin da bai saba ba, ta tsorata maharan da suka tunkaro ganuwa. Kuma ba kowa ake ba ita ba. Ɗan sarauta doki yake hawa, ya sa sulke ko lifidi, ya rataya takobi, ya riƙe mashi. Bindiga aikin bayin sarki ce, kuma da gangan aka yi haka, don makamin ya zauna a hannun waɗanda ba su da gadon sarauta. Saboda haka in ka rubuta manomin Balan na shekarun 1860 yana kare garinsu daga harin Ningawa, waɗanda suka addabi kudu maso gabashin Kano a zamanin Abdullahi Maje Karofi, ba shi kwari da baka, ka ba shi gariyo ko gatari. In bindiga ta bayyana a garin, to tare da mutanen sarki ta zo, ko a hannun maharbi take.

Abin lura kuma, ƙasar Gaya ƙasar maƙera ce tun asali. Labarin kafuwar Kano ma yana cewa maƙeri ne daga Gaya ya je Dala neman tama, kuma har yau ana kiran zuriyarsu Abagayawa. Maƙeran ƙasar Hausa sun iya gyaran adaka, su sake mata kunama, su ɗaure tsagaggen bututu, daga baya har suka riƙa ƙera tasu. Wannan wuri ne mai kyau ga mai neman jarumin da ba sarki ba.

Lamarin ya fara sauyawa a shekaru talatin na ƙarshen ƙarnin. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa ta hanyar Tarabulus, har ya sa ana zuba igwa a Zindar. Daga gabas Rabe ya cinye Borno a 1893 da runduna wadda ƙarfinta duka a kan bindiga yake, cikinsu da masu ɗuri ta baya. Wannan shi ne babban tsallen da aka yi a Turai: a maimakon zuba albarushi ta baki, sai aka haɗa albarushi da harsashi a kwanso ɗaya, a buɗe gindin bindiga a zura. An kuma yi wa cikin bututun zane mai murɗawa, harsashi ya fita yana juyi, ya tafi nesa ya kuma sami abin da aka auna. Martini-Henry, wadda sojan Ingila suka fara riƙewa a 1871, irin wannan ce. Har yanzu harbi ɗaiɗai take yi, amma mai ita zai harba sau goma kafin mai adaka ya yi biyu.

Cikin wannan yanayi aka yi Basasar Kano. Sarki Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, Yusufu ɗan Maje Karofi ya fita da magoya bayansa zuwa Takai. Gabashin Kano, su Takai da Garko da Dutse da Gaya, nan ne filin da abin ya fi zafi a farko. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, ƙaninsa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya shiga birni, Tukur kuma aka kashe shi a 1895. Manyan bayin sarki da yawa sun bi Yusufawa, kuma su ne masu bindiga. Alu ya san darajar makamin, shi ya sa ake masa kirari da mai sango. Sango wani gajeren mashi ne da ake zurawa a bakin bindiga a harba, makamin maharban giwa. Ga kalma nan mai daɗi da ba na ganinta a rubuce-rubucenmu. Bayan 'yan shekaru kuma Damagarawa ƙarƙashin Amadu Kuran Daga suka kawo yaƙi har Gezawa.

Amma duk wannan tarin makami bai kai ko'ina ba idan aka gwada da abin da ke tafe. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels ta hana sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani, aka bar mana adaka. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso Kano da sojoji ɗari bakwai da 'yan kai, mafi yawansu baƙaƙen fata, da igwa 4 da bindigar Maxim 4. Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Maxim, wadda aka ƙirƙira a 1884, ita ce bindiga mai ruwa, don ruwa ake zuba mata a wani kwando da ya kewaye bututun kada ya yi zafi ya lalace. Tana iya fitar da harsashi wajen 600 a minti ɗaya. A ƙarshen watan, a Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya kai sukuwa da dawakai kan sojoji da ba su kai 50 ba, waɗanda suka tsaya a murabba'i suna harbi, a nan ya kwanta dama. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba ranar. Tazarar da doki zai ci kafin mashi ya kai ga mutum ita ce ta yi yawa.

To ina bindigar da muke gani a fim, wadda ake ta jan kunama tana tashi? Ta zo daga baya can. Kuma iri biyu ce, ya kamata marubuci ya bambance. Akwai mai ɗura kanta amma harbi ɗaya take yi duk jan kunama ɗaya. Akwai kuma mai sarrafa kanta gaba ɗaya, wadda muddin yatsa na kan kunama tana ta zuba har gidan harsashi ya ƙare. A cikin kashin farko akwai M1 Garand ta Amurka, ta 1936, mai cin harsashi 8, da SKS ta Rasha mai cin 10. Su FN FAL ta Beljiyam da G3 ta Jamus, na shekarun 1950 ne, dogaye masu nauyi, kowace ta haura kilo 4, suna cin harsashi 20 mai ƙarfi da nisan zango, sai dai suna dukan kafaɗa. Su sojan Nijeriya suka daɗe suna riƙewa, kuma an kafa masana'antar makamai ta Kaduna a 1964. AK-47 ta Mikhail Kalashnikov, wadda sojan Rasha suka karɓa a 1949, harsashinta ya fi gajarta, tana cin 30, tana da maɓallin da ke sauya ta daga ɗaiɗai zuwa ruwan wuta. Ba ta kai FAL da G3 saiti daga nesa ba. Abin da ya yaɗa ta duniya shi ne juriyar ƙura da rashin kulawa, da araha. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 shi ne ya fara sa 'yan ƙauyukanmu da suka shiga soja riƙe irin waɗannan, rushewar Libiya a 2011 kuma ta ƙara malalo su Sahel, da sakamakon da kowa ya sani a Zamfara da Katsina. Ni dai a ganina marubucin da zai ambaci wannan bindiga a yau yana da nauyin tuna cewa cikin masu karanta shi akwai wanda ta yi wa maraya.

Saura batun kube. Bahaushe gwanin ratayen makami ne tun kafin ƙaramar bindiga. Dukawan Kano, waɗanda fatarsu ke ƙetare Sahara har Turawa suna zaton ta Maroko ce, su ke ɗinka kuben takobi da kwari da jakar harsashi. Takobi ba a ƙugu ake ɗaura shi ba kamar na Turawa. Da hamila ake rataya shi a kafaɗa, ya sauko ƙarƙashin hammata, don babbar riga ba ta son ɗamara, mahayi kuma yana bukatar ƙugunsa a sake. Wuƙa kuwa akan ɗaura ta a damtse ko a tsintsiyar hannu cikin kubenta, irin ta Buzaye. Mai adaka yana rataye da ƙaho ko ɗan tandun albarushi, kuma babban abin da yake tsoro shi ne laima.

Libarba da kubenta na fata da hafsoshin Turawa suka zo. Samuel Colt ya yi rajistar irin tasa a 1836, sojan Ingila kuma suka ɗauki Webley a 1887, mai cin harsashi 6. Kuben nata mai murfi ne da maɓalli, an yi shi don kare ƙura da ruwa, ba don saurin zarewa ba, ga igiya daga gindin bindigar zuwa wuya ko kafaɗa don kada ta faɗi a kan doki. Ɗamarar nan mai maɗauri da ya gitta ƙirji, wadda har yau muke gani jikin hafsoshi a faretin girmamawa, sunan Janar Sam Browne take ɗauke da shi. Ya rasa hannun hagu a Indiya a 1858, ya nemi dabarar da takobi zai tsaya cak ya zare da hannu ɗaya. In ka duba da kyau, matsalar da hamila ta warware ce shi ma ya warware, wato mayar da nauyin ƙarfe kan kafaɗa. Buɗaɗɗen kuben da ake zaro bindiga cikin ƙiftawar ido, yawancinsa finafinan kaboyi ne suka ƙawata shi, bai da wurin zama a labarin Gaya ta 1910.

Ga mai rubuta labarin wannan zamani kuma, akwai Dokar Makamai ta 1959, wadda ta kasa bindigogi uku. Na soja da ƙananan bindigogin hannu suna cikin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta irin mai baki biyu, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Mai ɗuri ta baki kuwa, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininta. Ke nan in ka sa wa ɗan kasuwar Gaya ƙaramar bindiga a ƙugu, ka riga ka faɗa wa mai karatu wani abu game da shi, ko ka yi niyya ko ba ka yi ba, kuma dole labarin ya biya wannan bashi.

Adaka dai ba ta mutu ba. Tana hannun maharba da 'yan sintiri a ƙauyuka, tana kuma fitowa ranar hawan sallah, a Kano da Gaya, inda 'yan bindiga ke cika ta da albarushi zalla babu harsashi. Wanda ke son rubuta fagen yaƙin Basasa ya je ya tsaya kusa da su a sallah mai zuwa, ya ƙirga daƙiƙa nawa ɗuri ɗaya ke ci, ya ga yadda hayaƙin ke rufe mutum har ba a ganin na gaba, ya kuma lura da abin da dawakai suke yi idan ta tashi.