Tarihin Ƙawancen Mata a Ƙagaggun Labarai

Ƙawancen mata a ƙagaggun labarai babi ne na tarihin adabi wanda yake bin diddigin yadda marubuta suka siffanta amincin da ke tsakanin mace da 'yar'uwarta mace, da kuma yadda fafutukar neman haƙƙin mata ta ɗauko wannan aminci daga gefen labari ta zaunar da shi a tsakiya. Ko da yake mata suna ƙulla amana a tsakaninsu tun fil azal, galibin littattafan da suka gabata, waɗanda maza ne suka wallafa akasarinsu, ba su cika haɗa mata biyu wuri guda ba face don kishi a kan namiji.

Virginia Woolf ta Ingila tana cikin waɗanda suka fara bayyana wannan naƙasa a sarari. A 1928 ta yi lacca a kwalejojin mata biyu na Jami'ar Kambirij, wadda ta zama littafin A Room of One's Own a 1929, inda ta kafa hujja cewa adabin da bai san mace ba sai ta fuskar alaƙarta da namiji, haƙiƙa rabin rayuwarta kaɗai ya sani. Da fafutukar mata ta yi ƙarfi a Amurka, sai Toni Morrison ta fitar da Sula a 1973, ƙissar Nel da Sula, baƙaƙen fata 'yan jihar Ohayo, inda Nel ba ta gane cewa rashin ƙawarta ya fi mata ciwo a kan rashin mijinta ba sai bayan mutuwa ta riga ta raba su.

Amma a Afirka ta Yamma, littafin da ya ɗaukaka wannan mas'ala shi ne Une si longue lettre, wato Doguwar Wasiƙa, wanda Mariama Ba ta Senegal ta wallafa da Faransanci a 1979, ya kuma ci kyautar Noma ta farko a 1980. A cikin littafin, Ramatulaye, malamar makaranta, tana cikin takabar mijinta Modu, wanda ya auri ƙawar 'yarsu ya ƙaurace wa gidansa na fari, ta ɗauki alƙalami tana zayyana wa A'isatu, aminiyarta tun ƙuruciya, dukkan abin da ke ranta. A'isatu ta bar gidan mijinta yayin da aka yi mata kishiya, alhali Ramatulaye ta zaɓi zama. Amma saɓanin ijtihadinsu bai taɓa amanarsu ba, har ma A'isatu ce ta saya mata mota sa'ad da wahalar sufuri ta ishe ta da 'ya'yanta goma sha biyu.

A ƙasar Hausa ƙawance tsohuwar al'ada ce mai ƙa'idoji da musayar kyauta a biki da suna, kamar yadda Baba ta Karo ta bayyana a tarihin rayuwarta da Mary Smith ta buga a 1954. Zaynab Alkali ta shigar da irin wannan zumunci cikin The Stillborn a 1984, inda Li da Faku suka tashi a ƙauye ɗaya da burin birni, aure ya warwatsa su, ƙawance ya sake haɗa su.

Daga 2011 zuwa 2014 Elena Ferrante ta Italiya ta fitar da littattafai huɗu a kan Lila da Elena 'yan birnin Napoli, ta bi su daga yarinta har tsufa, ba ta ɓoye hassada da gasar da ke cuɗe da ƙaunarsu ba. Da wannan ne babin ya kai ga balaga, domin marubutan farko sun yi jihadin tabbatar da cewa ƙawancen mata ya cancanci a rubuta shi, na baya kuwa suka sami sararin rubuta shi da alherinsa da aibinsa baki ɗaya.