Zomon da Ya Riga Ɓera Zuwa

Da an ce katun, Mickey Mouse ne ke fara faɗo mana a rai. Amma kafin ɓeran nan, an yi wani zomo mai suna Oswald, wanda Walt Disney da Ub Iwerks suka zana a Amurka a 1927. Sun yi masa gajerun finafinai sama da 25, duk marasa magana. A 1928 zomon ya kuɓuce wa Disney, domin a takarda mallakin kamfanin Universal ne. Dole ta sa aka ƙirƙiro Mickey. Sai a 2006 kamfanin Disney ya karɓo zomonsa, a lokacin kuwa da yawa daga finafinan sun yi ɓatan dabo.

Me ya cinye su? Faifan fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, mai saurin kama wuta, wanda kan ruɓe ya koma gari. Da fim mai magana ya shigo kuma, sai aka daina ganin darajar marar magana, balle katun na 'yan mintuna.

Waɗanda suka tsira, a hannun masu adana suka tsira. A 2014 aka gano Empty Socks a ma'ajiyar ɗakin karatu na ƙasar Norwe. A 2015 Sleigh Bells ya ɓulla a ma'ajiyar finafinai ta Birtaniya. A 2018 wani masanin tarihin katun a Japan, Yasushi Watanabe, ya gane cewa ɗan faifan da ya saya tun yana ɗalibi, kimanin shekara 70 baya, Neck 'n' Neck ne da ake ta cigiya. Adana ya fi nema.

In har aikin Disney zai iya ɓacewa haka, ina ga namu? Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya zauna a Tawa, ya fitar da Bon Voyage Sim a 1966: kwaɗo ne shugaban ƙasa, ya tafi ziyarar aiki ana ta yi masa faretin girmamawa. Da alƙalami ya yi wa masu mulki shaguɓe, 'yancin kai bai wuce shekara shida ba. Ya rasu a 2015. Mu nawa ne muka taɓa kallon kwaɗon nan? Mu neme shi, mu nuna wa yaranmu, tun kafin a fara cigiyarsa.