Addini, Mulkin Mallaka da Ƙauracewa Rigakafin Shan-inna a Kano: Martani ga Christopher Hitchens

Gabatarwa

An yi rubutu mai yawa a kan ƙauracewa rigakafin shan-inna da aka yi a Arewacin Nijeriya tsakanin 2003 da 2004 (Jegede, 2007, Yahya, 2007, Renne, 2010), don haka taƙaitawa ta wadatar. Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a a Nijeriya ta yi zargin an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin, Kano ba ta koma ba sai ƙarshen Yulin 2004, bayan an samo magani daga Indunisiya. Yaran da cutar ta shanye a ƙasar sun tashi daga 202 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, har da Sudan da Yaman da Indunisiya.

Abin da ake jayayya a kai shi ne sanadi. Hitchens (2007), a babi na huɗu na littafin da ya rubuta don sukar addinai baki ɗaya, ya kawo wannan lamari a matsayin shaidar cewa imani illa ne ga lafiyar ɗan Adam: malamai sun ba da fatawa, jama'a sun bi, yara sun gurgunce. Wannan bayani ya samu karɓuwa har a wajen wasu 'yan bokonmu. Maƙalar nan tana ganin bayanin bai cika ba, domin ya tsallake tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa wannan zargi ya sami kunnuwan saurara a Kano a 2003, alhali ƙasashen Musulmi da dama sun karɓi maganin ba tare da hayaniya ba?

Inda Hitchens yake da gaskiya

Adalci ya wajabta a fara da abin da ba ya musuntuwa. An yi amfani da masallaci da mumbari wajen yaɗa zargin, kuma da bai fito daga bakin malamai ba, da wuya ya yi irin ƙarfin da ya yi. Uban da aka gaya wa cewa karɓar ɗigon nan taimaka wa maƙiya Musulunci ne, ba ya sake auna maganar da ma'aunin lafiya, sai da na tsoron Allah. Akwai kuma tsohuwar fahimtar da ke jingina cutar ga iskoki, da fassarar ƙaddara ta yadda rigakafi zai zama kamar shisshigi cikin ikon Ubangiji. Kisan ma'aikatan rigakafi 9 a Kano a watan Fabrairun 2013 ya nuna yadda zargin ya ci gaba da cin rayuka shekara da shekaru bayan gwamnati ta janye shi. Duk mai son kare addini ta hanyar ɓoye waɗannan abubuwa, ƙara wa abokin jayayya makami yake yi.

Inda bayanin ya gaza

Sai dai Hitchens ya gabatar da Nijeriya kamar ta riga ta rabu da cutar har fatawa ta dawo da ita, alƙaluman 2002 da aka ambata a sama kuwa sun saɓa wa haka. Cutar tana nan kafin ƙauracewar, domin rigakafin yau da kullum ya riga ya durƙushe a Arewa tun shekarun 1990. Na biyu, jagoran zargin, Dokta Datti Ahmed, likita ne, kuma gardamar da aka yi ta ɗakin gwaje-gwaje ce: akwai sinadarin ko babu? Ba a kafa hujja da cewa Musulunci ya haramta rigakafi ba. Na uku, a watan Oktoban 2003, ana tsakiyar rikicin, taron ƙolin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi da aka yi a Malesiya ya zartar da ƙudurin goyon bayan kawar da cutar. Daga baya Saudiyya ta sanya rigakafin cikin sharuɗɗan shigar maniyyatan Nijeriya. Idan aƙida ce sanadi, kamata ya yi a ga sakamako iri ɗaya duk inda aƙidar take, ba a kuwa gani ba.

Abin da Kano ke da shi wanda Indunisiya ba ta da shi, shi ne 1996. A lokacin annobar sanƙarau ta wannan shekara kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya yi sulhun dala miliyan 75 da Jihar Kano. Jaridar Washington Post ce ta tona labarin a Disambar 2000, wato ƙasa da shekara uku kafin ƙauracewar. Archibong da Annan sun nuna cewa bayan tonon, iyaye mata Musulmi sun rage kai yaransu rigakafi, kuma ragin ya fi yawa a tsakanin mata masu ilimin boko. Wannan sakamako yana da wuyar daidaitawa da bayanin da ya dogara ga jahilci da makauniyar biyayya ga malamai. Ya fi kama da halin mutanen da suka ji labari, suka kuma ɗauki darasi daga cikinsa, ko da darasin ya wuce gona da iri. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A ƙara da manufar ƙayyade iyali ta gwamnatin Babangida ta 1988, mai shawartar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, da mamayar Iraƙi a Maris 2003, da zafin zaɓen Afrilun 2003 wanda ya bar Kano a hannun jam'iyyar adawa.

Gadon likitancin mulkin mallaka

Za a iya cewa duk waɗannan abubuwan kwanan nan ne, ina ruwan mulkin mallaka? A nan ne nake ganin ya kamata a tsaya.

Likitancin Turawa ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofofi biyu, kowace da abin da ta bari a zukatan mutane. Ta farko ita ce ta tilas. Lambar agana, da binciken ciwon barci, da sintirin duba-gari, duk ta hannun En'e aka yi su: umarni daga Razdan zuwa sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, wato hanyar da haraji da aikin tilas suke bi. A shirin Anchau na lardin Zazzau, daga ƙarshen shekarun 1930, an tashi ƙauyuka an sake musu matsuguni, an kuma sa talakawa sare dazukan bakin rafi don korar ƙudan tsando. Shirin ya rage cutar, amma ba a nemi yardar kowa ba. Talaka ya koyi cewa lafiyar da hukuma ke kawowa har ƙofar gida tana zuwa ne don cutar da hukuma ta zaɓa, a lokacin da ta zaɓa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta mishan. Bayan alkawarin da Gwamna Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 na cewa ba za a taɓa addini ba, an taƙaita shigar 'yan mishan masarautu. Da aka sassauta a shekarun 1930, ta hanyar jinyar kutare aka sassauta: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina (Shankar, 2014). Ke nan a wurare da dama magani da wa'azin Kirista a rufi ɗaya suka iso. Mutumin da ya ɗauka cewa maganin Bature yana tafe da wata manufa ta addini, abin da kakanninsa suka gani yake maimaitawa. Taƙaita mishan ɗin, ba tare da gwamnatin mallaka ta cike gurbin da kuɗinta ba, shi ne ya bar Arewa da ƙarancin asibitoci da makarantu. Alƙaluman Coleman (1958) sun nuna makarantun sakandare 176 a Kudu da 18 a Arewa a 1957. Daga irin waɗannan makarantu likitoci da ungozomomi suke fitowa. Saboda haka tambayar da Yahya da Renne suka ji a bakin iyaye tana da tushe: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigon shan-inna kyauta, amma in yaro ya kamu da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, sai a rubuta mana magani mu je mu saya?

Shaida mafi ƙarfi ta fito ne daga maƙwabta. Lowes da Montero (2021) sun bi diddigin yaƙin da Faransa ta yi da ciwon barci a Kamaru da Chadi da Gabon da Kwango da Afirka ta Tsakiya tsakanin 1921 da 1956, inda aka riƙa tara mutane da ƙarfi ana yi musu allurai masu haddasa makanta, wani lokaci har da mutuwa. Sun gano cewa yankunan da aka fi kai wa wannan samame su ne a yau suka fi ƙin gwajin jini na kyauta, yaransu kuma suka fi ƙarancin rigakafi. Mafi yawan waɗannan yankuna ba na Musulmi ba ne.

Martanin da ake tsammani

Mai bin Hitchens yana da amsoshi biyu, kuma ba na raina su. Ta farko: ai a Kamaru a 1990, lokacin da 'yan mata suka riƙa gudu daga makarantu saboda jita-jitar cewa allurar sandarewar jiki tana hana haihuwa, akwai hannun masu addini, haka a Kenya a 2014 limaman Katolika ne suka tayar da zargin. Ashe ko'ina aka duba addini ne? Amma akwai misalin da babu limami a cikinsa. Bayan an tona gwajin Tuskegee a Amurka a 1972, inda aka shekara 40 ana kallon baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba a yi musu magani ba, Alsan da Wanamaker (2018) sun nuna cewa baƙaƙen maza sun rage zuwa wajen likita, mace-macensu suka ƙaru. Abin da ya haɗa Tuskegee da Kamaru da Kano shi ne cin amana daga hukumar lafiya da ta fi ƙarfin jama'a. Addini, inda yake da ƙarfi, shi ne harshen da ake bayyana tsoron da shi, kuma cibiyar da ke da hanyar isar da shi ga kowane gida.

Amsa ta biyu ta fi nauyi, ita ce kuma ta tilasta a rage faɗin da'awar wannan maƙala. Binciken Lowes da Montero na ƙasashen rainon Faransa ne, ɗora sakamakonsa kai tsaye a kan Kano zai zama wuce iyakar hujja. Sannan shekara 43 ne tsakanin 1960 da 2003, gwamnatocin da suka bar ɗakunan shan magani babu magani 'yan ƙasa ne, wasu ma 'yan Arewa. Don haka ba a ce mulkin mallaka ne ya haifar da ƙauracewar ba. Iyakar abin da za a iya tsayawa a kai shi ne: mulkin mallaka ya bar tsarin lafiya na samame daga sama, da ƙarancin ma'aikata, da alaƙar magani da baƙon addini, gwamnatocin bayan 'yanci suka gaji tsarin ba su sauya shi ba, lamarin 1996 ya sabunta tsohon zato, siyasar 2003 ta ba shi dama, malamai suka ba shi murya. A cikin wannan jeri addini yana da kaso, kaso mai muni ma, amma ga alama shi ne na ƙarshen shigowa.

Yadda aka warware matsalar ma hujja ce. In da imani ne cutar, da sai ya yi rauni kafin rigakafin ya yi nasara. Abin da ya faru akasin haka ne. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aka shigo da limamai da malaman tsangaya, aka kuma fara haɗa ɗigon da duba sauran cututtuka a sansanonin lafiya, wato aka amsa ainihin ƙorafin iyaye. An ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ta daji na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020. Kano ba ta rage addini ba a tsakanin waɗannan shekaru.

Kammalawa

Bayanin Hitchens yana da sauƙin haddacewa, amma ba ya iya faɗin inda irin wannan ƙauracewa za ta ɓulla nan gaba, ko yadda za a kashe ta. Bayanin da ke ɗora komai a kan Bature shi ma yana wanke waɗanda suka hau mumbari suka yaɗa abin da ba su tabbatar ba, alhali addinin da suke magana da sunansa ya yi umarni da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi. Kira ga masana tarihi shi ne su shiga kundayen lardunan Kano da Zazzau da Katsina da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, su auna ko yankunan da aka fi yi wa samamen lafiya su ne suka fi ƙin rigakafi a yau. Kira ga malamai shi ne su ɗauki nauyin kasonsu na abin da ya faru. Hukumomin lafiya kuwa su sani cewa jama'a ba za su amince da mai zuwa ƙofar gida ba muddin asibitin unguwarsu babu magani.